Yadda ake gina gidan alfarma a kan tudu, daga duba fili har zuwa shimfiɗar falo

Wanda ya bi ta Guzape ko Katampe a 'yan shekarun nan ya ga yadda gidaje ke ta hawa duwatsun Abuja, wani a bisa wani, gilasansu na ƙyalli da la'asar. Filayen da a da ake gudu saboda dutse da gangare su ne yanzu masu hannu da shuni ke rububi, kamar yadda aka yi a Maitama da Asokoro tun bayan dawo da babban birnin tarayya daga Legas a 1991. Dalilin a fili yake: daga can sama ana hango gari, ga iska, ga nisa da hayaniya. Sai dai kaso mai tsoka na kuɗin irin wannan gida yana shigewa ne cikin abin da baƙo ba zai taɓa gani ba, wato harsashi da magudanan ruwa da katangun da ke riƙe da ƙasa. Wanda ya tsuke hannu a nan don ya sayi tayil ɗin Italiya, damina biyu ko uku sun isa su tona masa asiri. Saboda haka wannan jagora ta fi daɗewa a ƙarƙashin ƙasa, kafin ta hau sama.

Kafin ka biya kuɗin fili

Fara da takarda. A Abuja, hukumar AGIS ce ke riƙe da bayanan filaye, don haka ka sa lauyanka ya binciki lambar filin a can: sunan wa ke kai, na gidan zama ne ko na wani abu daban, kuma bai faɗa cikin wuraren da tsarin birni ya keɓe wa itatuwa ko hanyar ruwa ba. A kan tsaunuka wannan na ƙarshe ya fi yawa, domin kwazazzabai da kan duwatsu da dama ba a yanka su don gini ba tun asali, kuma Sashen Kula da Gine-gine na birnin tarayya yana rushe abin da aka aza a kansu komai tsadarsa.

Bayan takarda sai ƙafa. Dillali zai so ya kai ka da rani, da yamma, lokacin da wuri ya yi kyau. Ka je, amma ka koma a watan Agusta ko Satumba ana tsakiyar ruwa, ka tsaya da lema ka kalli inda ruwan ke bi. Duba ko akwai wata 'yar hanya da ya share tsakanin ciyawa, ƙasa ta yi ja, tsakuwa ta taru a ƙarshenta. Duba ko ruwa na tsattsafowa daga tsagar dutse bayan an ɗauke. Ɗaga kai ka dubi abin da ke samanka: manyan duwatsun nan masu kama da an ɗora su da hannu, waɗansunsu a zaune kawai suke a kan ƙasa, in aka yashe gindinsu sai su motsa. Bishiyar da gindinta ya lanƙwashe ya karkata wajen gangare alama ce ta ƙasar wurin tana silalowa a hankali. Sannan ka tambayi masu gadi da leburorin da ke aiki a maƙwabta, sun fi dillali sanin ta inda ruwa ke ɓarna.

Awo da gwajin ƙasa

Kada mai zanen gini ya ja layi ko ɗaya kafin safiyo ya kawo taswirar tudu da kwarin filin, wadda ke nuna tsayin kowane wuri da tazarar rabin mita ko mita ɗaya, da inda kowane dutse da kowace babbar bishiya suke, da tsayin titi da kwalbatin da ke gabanka. Daga ita ake sanin tsananin gangaren. In ƙasa na sauka mita 1 a cikin kowane mita 10, aikin bai yi nisa da na fili shimfiɗaɗɗe ba. In ta kai mita 1 a cikin 5, dole gidan ya zama hawa-hawa. In ta wuce mita 1 a cikin 3, injiniya ne zai ja ragama, mai zane ya bi bayansa.

Gwajin ƙasa kuwa ba rami ɗaya ba ne. Duwatsun Abuja tsohon dutse ne mai tauri, amma ba a shimfiɗe yake bai ɗaya a ƙarƙashin ƙasa ba. A kusurwa ɗaya ta filin za a iya cin karo da fā a zurfin rabin mita, a ɗaya kusurwar a haƙa mita 4 ana fitar da ruɓaɓɓen dutse mai marmashewa a hannu. Gidan da rabinsa ya hau dutse, rabinsa ya hau ƙasa mai laushi, zai zauna ba daidai ba, bangon ya tsage daidai inda biyun suka haɗu. Akwai kuma abin da ke yaudarar magina: su haƙa su ji ƙarfe ya yi ƙara, su ce sun isa dutse, alhali wani ƙaton dunƙule ne da ke kwance cikin ƙasa. Sai an huda shi da inji an ga zurfinsa ake tabbatarwa.

Ka nemi injiniya mai rajista da COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, da mai zane mai rajista da ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine, ka kuma duba rajistar da kanka. Hatiminsu da rahoton gwajin ƙasa suna cikin abin da ake buƙata kafin a ba ka izinin gini. A watan Satumba na 2018 an ji motsin ƙasa a Mpape da wasu sassan Maitama. Ka tambayi injiniyanka kai tsaye yadda ya ɗaure ginshiƙai da dekin don irin wannan.

Yadda gidan zai zauna a kan gangaren

Hanya uku ce. Ta farko, a kawo katafila a yanke tudu, a cike gangare da abin da aka yanko, a samu fili ɗaya shimfiɗaɗɗe. Ita 'yan kwangila suka fi so don ta fi sauri, ni kuwa ita na fi ƙi. Tana haifar da doguwar katanga a baya da wata a gaba, tana kashe duk bishiyar da ke wurin, sannan ciko ba ya taɓa kai ƙasar asali ƙarfi. In ya zama dole a yi ciko, a zuba jar ƙasa kaurin santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, a danne da inji, sannan a ƙara wani. Tifa ta juye tuli guda a baje a bi ta kai sau ɗaya, wannan ba ciko ba ne. Ko an danne da kyau, ginshiƙan gida su ratsa cikon su isa ƙasar asali.

Ta biyu, a bi gangaren mataki-mataki: hawa ɗaya ya jingina da tudu, na gaba ya sauka rabin bene ko bene guda, rufin na ƙasa ya zama barandar na sama. Wannan ita ce ta fi dacewa da yawancin filayen Guzape da Asokoro, kuma ita ke ba gida wannan fasali na zamani da ake sha'awa, dogayen layuka a kwance suna bin jikin tsauni. Ƙananan katangu uku masu tsayin mita ɗaya da rabi sun fi guda ɗaya mai mita 5 aminci da kyan gani.

Ta uku, a kafa ginshiƙai a kan dutse, gida ya tsaya a kansu, ruwa ya wuce ta ƙarƙashi. Tana da kyau inda dutsen ya fito fili kuma gangaren ya yi tsanani.

Fasa dutse da nakiya ba abin da kowa zai yi ba ne, sai mai lasisi, kuma cikin unguwa yana iya tsaga ginin maƙwabci. An fi amfani da injin fasa dutse, ko a huda ramuka a zuba wani gari mai kumbura wanda ke tsaga dutsen cikin dare ba tare da ƙara ba. Dutsen da aka fasa kada a biya tifa ta kwashe. Shi za a yi katangu da daɓe da shi.

Masu zane suna son baranda mai miƙewa cikin iska ba ginshiƙi a ƙarƙashinta. Tana da ban sha'awa, amma a yi hattara. Shahararren gidan Fallingwater da Frank Lloyd Wright ya zana a 1935 a jihar Pennsylvania ta Amurka, barandunsa sun yi ta sunkuyawa har kusan santimita 18, sai a 2002 aka kammala ɗaure su da igiyoyin ƙarfe. A irin wannan baranda babban rodi a sama yake zama. Na ga inda leburori suka tattake shi ya koma ƙasa ana cikin zuba kankare, ba wanda ya lura. Ranar zubi injiniya ya kasance a wurin da kansa.

Ruwa da katangar tare ƙasa

Abuja na samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, kusan dukansa tsakanin Afrilu da Oktoba. Kowace milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 400, in aka yi ruwa mai milimita 50 a dare ɗaya, ya tara lita 20,000, ban da wanda ke gangarowa daga filayen da ke samanka. Duk wannan sai ya sami hanya, in ba ka ba shi ba ya yi wa kansa.

A can saman filin, kafin ruwan maƙwabta ya iso gini, a gina magudana ta kankare da za ta tare shi ta zagaya da shi gefe zuwa kwalbatin titi. Inda gangaren ya yi tsanani a yi mata matakai don a karya ƙarfin gudun. Kada a juya shi cikin filin wanda ke ƙasa da kai. Haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma rigima ce da kan kai kotu.

Katangar tare ƙasa ba ƙasa ce ke kayar da ita ba galibi, ruwan da ya taru a bayanta ne. Duk wadda ta wuce mita ɗaya da 'yan kai, injiniya ya lissafa ta, a yi ta da kankare da rodi, bulo mai rami kaɗai ba zai riƙe ba. Ga abin da ya kamata idonka ya gani a bayanta kafin a rufe: an shafe jikinta da maganin hana ruwa, an kwantar da bututu mai huje-huje a gindinta, yana gangarawa zuwa mafita, an zuba tsakuwa wankakkiya kaurin aƙalla santimita 30 tun daga ƙasa har kusa da sama, an raba tsakuwar da ƙasa da ƙyallen tacewa don laka kada ta toshe ta. A jikin katangar kuma a bar ramukan fitar ruwa, tazarar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Waɗannan ramuka su ne abin da aka fi lalatawa. Mai filasta ya zo daga baya, ya ga huji a bango, ya ɗauka kuskure ne, ya cusa takardar siminti ya shafe. Ka ɗauki sanda siririya ka zura cikin kowane rami da hannunka, ka ji ta taɓa tsakuwa. Bayan ruwan farko ka zo ka ga suna ɗiga. Katangar da aka sha ruwa kwana uku amma ramukanta a bushe, tana tara abin da wata rana za ta amayar gaba ɗaya.

Ɗakin da bangonsa ya jingina da tudu shi ne mafi saurin danshi. Mafi aminci a bar siririn lungu tsakanin katangar tare ƙasa da bangon ɗakin, wanda mutum zai iya shiga ya duba. A sa gareji da sito da ɗakin injuna a wannan ɓangare, ɗakunan kwana su fuskanci iska.

Wurin wanka na iyo, musamman irin mai kama da ruwansa na zuba cikin sarari, nauyi ne ba na wasa ba: mai tsawon mita 10, faɗin 4, zurfin ɗaya da rabi, ruwansa kaɗai tan 60 ne. Ya zauna a kan dutse ko ginshiƙai, ba a kan ciko ba. Sokawe kuma ba ya tsotsewa a kan fā, don haka in layin najasa na birni bai iso unguwar ba, a tsara ƙaramin injin tace ƙazanta tun farko. Sauran gangaren da ba a gina ba a dasa masa jema a jere, saiwarta na nutsawa ƙasa sosai tana riƙe ta. Manyan bishiyoyi a nisanta su daga katangu.

Rana, iska da idon maƙwabci

Gilashi daga ƙasa har sama shi ne alamar gidan tudu na zamani, amma hotunan da ake kwaikwayo yawanci na ƙasashen sanyi ne. A nan, bangon gilashi da ya kalli yamma yana mai da falo tanda daga azahar zuwa magariba a watan Maris, na'urar sanyaya ɗaki ta yi ta aiki ba hutawa. Manyan tagogi su kalli arewa ko kudu, inda rana ke wucewa ta sama, rufi mai fitowa mita ɗaya da rabi ko biyu ya isa ya yi musu inuwa. In abin kallon yana yamma, kamar yadda yakan faru, a sa baranda mai zurfin mita 3 a gaban gilashin, da sanduna a tsaye na katako ko ƙarfe masu juyawa. Gilashin ya zama mai ruɓi biyu mai rage zafi, na baranda kuma irin wanda ko ya fashe ba ya tarwatsewa.

Iskar farkon damina a kan tudu tana yaye kwano, don haka a ɗaure katakon rufi da ƙarfe a jikin kankare. Sandar kare tsawa wajibi ce, kuma da yake dutse ba ya karɓar wuta da kyau, sai an nemi wuri mai ƙasa da danshi an binne ƙarfenta. Ɓangaren arewa maso gabas, inda hunturu ke shigowa da ƙura, tagoginsa su zama ƙanana masu rufuwa ruf.

Abin da mai zanen da bai san gidan Bahaushe ba yakan manta shi ne sutura. A fili shimfiɗaɗɗe katanga mai tsayi ta wadatar; a gangare, wanda ke samanka yana kallon tsakar gidanka daga barandarsa. Ka hau filin da ke sama, ka tsaya inda benensa zai kai, ka ga abin da zai gani. Maganin yana cikin tsarinmu na da: zaure, shigifa, sannan cikin gida. Gangare ma ya sauƙaƙa shi. Hawan da ke daidai da titi ya ɗauki falon baƙi maza da banɗakinsa da wurin alwala, iyali su sauka hawa na ƙasa, inda jikin ginin kansa ya kare su daga sama, gabansu kuma a buɗe yake ga sarari. Tsakar gida a yi mata rumfar sanduna da tsiro mai yaɗo. Uwargida ta zauna da mai zane tun zaman farko, ita ta san ta inda baƙinta za su shiga ranar suna ba tare da sun ratsa ta gaban maza ba.

Alƙibla daga Abuja tana wajen digiri 65 daga arewa zuwa gabas. A daidaita ɗakin salla da ita tun a takarda, a kuma kauce wa kafa masai yana fuskantarta ko ba ta baya.

Hawa da sauka

Hanyar mota kada ta wuce hawan mita 1 a cikin 6, a sassauta ta a farko da ƙarshe don ƙasan mota kada ya gurje, a yi daɓenta da kaushi. Matakala kowace ta zama tsayin santimita 15 zuwa 17, faɗin 28 zuwa 30, duka daidai wa daida. Makarin baranda ya kai mita 1.1, tazarar sandunansa ƙasa da santimita 10, kuma a tsaye, don yaro kada ya taka ya hau. Ka tuna da Hajiya da Baba: ɗaki ɗaya cikakke a hawan da mota ke tsayawa, ba taki ko ɗaya, sannan a bar ramin lifta ko ba yanzu za a sa ba.

Tudu ya ba ka kyauta ɗaya: tankin ruwa a can saman fili, tsayin mita 10 na ba famfo ƙarfin da ya isa wanka ba tare da inji ba. Rijiyar burtsatse a cikin dutse kuwa sa'a ce, a yi binciken ruwa kafin a haƙa, a kuma gina babban tanki a ƙasa don ruwan rufi.

Cikin gida

Idan taga ta ɗauko Dutsen Aso ko fitilun birni, ita ce adon ɗakin, sauran kaya su yi ƙasa da murya. Kujeru gajeru waɗanda ba su tare gani, launuka daga jikin wurin: ruwan toka na dutse, ja-ja na ƙasa, farin da ya ɗan sirka. Silin mai hawa uku da fitilu kala-kala da zinariya a kowace kusurwa suna gasa ne da abin da ka biya miliyoyi don ka gani. Bango ɗaya na dutsen da aka fasa a filin, an jera shi da kyau, ya fi mabul ɗin da aka yo oda, kuma ba wanda ke da irinsa.

Da dare gilashi kan koma madubi in fitilar ciki ta yi ƙarfi, sai ka ga kanka maimakon gari. A yi amfani da fitilu masu ɗumin launi, wajen 2700K zuwa 3000K a ma'aunin launin haske, masu ragewa, a ɓoye su a gefen silin da ƙarƙashin matakala, a haska 'yan duwatsu da bishiyoyin waje kaɗan don ido ya wuce gilashin. Falo mai tsayin bene biyu da tayil da gilashi yana amsa kuwwa. Darduma mai kauri, labule, da silin katako suna shanye ta.

Katako sai busasshe. Madaci da loko suna da kyau kuma suna jure gara, amma ɗanye in hunturu ya kama shi sai ƙofa ta tsage, damina ta zo ta kumbura ta ƙi rufuwa. Tayil mai sheƙi a bar shi a ciki. Baranda da matakalar waje da bakin wurin wanka sai mai kaushi.

Kayanmu na gida suna zama daram cikin irin wannan gini in an zaɓa da ido. Baƙin yadi na marinar Ƙofar Mata a jikin farin bango, tuluna irin na Gwari da Ladi Kwali ta shahara da su a wani gurbi mai haske, tiren tagulla na Bida, tintim na jan fatar Sakkwato. Kaɗan, manya, kowanne da sararinsa. Wanda ke son ya ƙara zurfi, ya dubi bakan gizon da shahararren magini Babban Gwani ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ya sa a yi wa falon baƙi ko ɗakin salla irin wannan rufi. Har yanzu akwai magina a Zariya da Kano da suka gaji aikin da zanen dagi a bango.

Kicin biyu ya fi: na ciki mai kyau, da na baya mai faɗi da iska don tuwo da suya da girkin taro, kusa da inda mota za ta iya sauke buhu.

Kwangila da damina ta farko

A fara haƙa da katangu a watan Nuwamba, a gama su da magudanai kafin ruwan Afrilu. Yankakken tudu da aka bari a buɗe cikin damina yana iya zaftarewa a kan ma'aikata. Kuɗin fasa dutse a rubuta shi a kan kowace mita, a riƙa aunawa tare, domin ba mai sanin yawansa sai an buɗe ƙasa. Ka ɗauki hoton kowane bututu da kowane rodi kafin a rufe, ka adana tare da zanen ƙarshe. A cikin yarjejeniya ka riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin ɗan kwangila, kuma ka sa wa'adin sakinsa ya faɗo bayan watan Oktoba, lokacin da gidan ya riga ya sha damina guda cikakkiya, kai da injiniya kun zagaya kun duba kowace katanga da kowace magudana.